Yadda Za Ka Ci Ka Ƙoshi, Ka Kuma Zaga Gari a Ƙasar Holan

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Holan karon farko, ko taro ya kai su Hague ko karatu ko ziyara, da ƙorafi iri ɗaya suke dawowa: babu abin ci, mutanen ba su da sakin fuska, wuraren tarihi kuma ba sa shiguwa. Duk ukun rashin shiri ne, kuma tun daga gida ake maganinsu.

Fara da tikiti kafin haɗa jaka. Gidan tarihin Anne Frank, yarinya Bayahudiya da ta ɓuya a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ke Amsterdam, ba ya sayar da tikiti a ƙofa, sai ta intanet, kuma duk Talata ake fitar da na mako shida a gaba. Gidan zanen Van Gogh ma da ƙayyadadden lokaci ake shiga. Na sha ganin baƙi tsaye a dandalin Museumplein cikin yayyafi suna ta latsa waya, alhali gurbi ya ƙare tuntuni. Lambun furanni na Keukenhof kuwa daga wajen ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu kawai yake buɗe. Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara daga waje, a filin jirgin Schiphol za a karɓe. Yaji ka ƙullo, mai yawa, don girkinsu ba ya jin barkono.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, wato abinci. Wani, tsoron cin haram ke kama shi ya ƙare kan burodi da shayi har ya rame. Wani kuma duk abin da ya yi kama da naman sa sai ya afka masa. Ni ƙa'idata ita ce ka fara da kifi. Nemi rumfar mai kifi, akwai su a kasuwanni da bakin gadoji, ka ce a ba ka kibbeling: gutsattsarin farin kifi ne da aka tsoma a ƙullu aka soya, ana miƙo maka da zafinsa a ɗan faranti. Barbaɗa yajinka, ka gama. Sai haring, kifin da suke alfahari da shi. Ba a dafa shi, gishiri ne ke nuna shi, a zuba masa yankakkiyar albasa. Za ka ga Baholande ya kama wutsiyar, ya ɗaga kai sama, ya zura a baki. Kai baƙo kada ka fara da haka. Ka ce a sa maka cikin burodi, sanyin da santsin sai su ragu. A watan Yuni sabon kamu yake fitowa, lokacin ya fi taushi.

Soyayyen dankalin turawa ana ba da shi a takarda mai tsini da mayonis a kai. Ka gwada patat oorlog, wanda ake haɗa wa miyar gyaɗa da ɗanyar albasa, ɗanɗanonsa ba ya da nisa da ƙuli-ƙulin tsire. Amma ka tambaya ko a man da ake soya nama ake soya shi.

Alade a abincin hunturu ya fi ɓuya. Miyar wake mai kauri da suke kira erwtensoep da naman alade ake dafa ta. Stamppot, dankalin da aka daka da ganye, shi kansa ba laifi, amma da tsiran alade ake kawo shi, wani lokaci har da ƙananan gutsattsari a ciki, don haka ka nemi wanda ba nama. A jikin kwali ka lura da kalmomi uku: varken, spek da ham. A gidajen abincin Indunusiya, waɗanda suke da yawa saboda tarihin mulkin mallaka, babi shi ne alade. Alawar nan baƙa da suke kira drop ma sau da yawa akwai gelatine a ciki. Soyayyun abubuwan da ake ciro wa daga ƙananan tagogi a bango, irin su kroket da frikandel, ni dai ban yarda da su ba, ka bar su.

Idan nama kake so, mahautan Turkawa da 'yan Maroko sun wadata, za ka ga an rubuta halal a ƙofa. A Amsterdam ka nufi titin Javastraat da kasuwar Dappermarkt. A can ka ci kapsalon, wanda aka ƙirƙira a Rotterdam: dankali a ƙasa, shawarma a kai, cuku ya narke a sama, sai latas. Ɗaya ya ishe ka wuni. Ranar da kewar gida ta taso, shiga jirgin ƙasa zuwa Bijlmer, unguwar 'yan Gana da 'yan Najeriya, akwai doya da manja. Can ma za ka nemi atamfa idan uwargida ta yi saƙo, domin duk da cewa kamfanin Vlisco na garin Helmond ne ke buga ta, su kansu ba sa ɗaura ta.

Wajen kuɗi, abincin rana a gidan abinci ɓarna ce. Su ma burodi da cuku suke ci da rana, girki sai ƙarfe shida na yamma. Shiga babban kantin Albert Heijn ka sayi naka. Ruwan famfo lafiyayye ne, gora ɗaya ta ishe ka. Stroopwafel kuwa, biskit ɗin nan mai zaƙi a tsakiya, ka ci mai zafi a kasuwar Albert Cuyp. Na leda ka ɗora shi a bakin kofin shayi har zaƙin cikin ya narke. Shagon da aka rubuta coffeeshop tabar wiwi yake sayarwa, kada neman shayi ya kai ka.

Mutanen ba wulaƙanci suke yi ba, tsari ne da su. Ba a faɗa wa mutum gida babu sanarwa, ko amininka ne sai ya duba kundinsa ya ba ka rana. An ce ƙarfe uku, uku ɗin ake nufi. Kun ci abinci tare, kowa nasa zai biya, har ma ya turo maka saƙon neman biya ta manhajar Tikkie na kasonka. Idan ba ka gaisawa da hannu da mata, ɗora hannu a ƙirji ka faɗi dalili a fili, sun fi son magana kai tsaye. A titi kuma jan kwalta hanyar kekuna ce, kada ka tsaya a kai ɗaukar hoto, da gudu suke zuwa. Riƙe katin banki, shaguna da yawa ba sa karɓar tsaba. A bas da taragun cikin gari (tram) da jirgin ƙasa ka taɓa katin lokacin shiga, ka sake taɓawa lokacin fita, in ba haka ba a cire maka fiye da kuɗin tafiyar.

Wuraren gani kada ka cusa su a rana guda. Gidan tarihi na Rijksmuseum da sassafe, ka wuce kai tsaye wajen babban zanen Rembrandt na 1642 kafin cunkoso. Injinan iska, na Kinderdijk guda 19 kusa da Rotterdam sun fi na Zaanse Schans kwanciyar hankali, ko da yake Zaanse Schans ya fi kusa. Shiga kwale-kwalen zaga magudanan Amsterdam sau ɗaya. Unguwar De Wallen da ke kusa da babbar tashar Amsterdam, unguwar mata masu zaman kansu ce, ka kauce mata, musamman da iyali. Juma'a akwai masallacin Fatih a titin Rozengracht, tsohuwar coci ce. Ka kuma sauke jadawalin salla na garin a waya, domin a watan Yuni magariba tana wuce ƙarfe goma na dare.