Yadda Ake Koyon Shawagi da Laima Daga Kan Tsauni

A lokacin hutun Ista, jama'a kan cika dutsen Odweanoma da ke Atibie a yankin Kwahu na ƙasar Ghana. Za ka ga mutum ya ɗaura kujerar yadi mai maɗaurai a baya, ya ruga 'yan taku, laima ta ɗaga shi, sai can ka hango shi yana sauka a filin ƙwallon Nkawkaw da ke ƙasan dutsen. A 2005 aka fara wannan biki, kuma akasarin masu tashi fasinjoji ne, ƙwararre ne ke tuƙi a bayansu. Wanda yake son ya riƙe igiyoyin da hannunsa, hanyarsa daban ce, ta fi tsawo, kuma mafi yawanta a ƙasa ake yin ta.

Wasan, wanda ake kira faragilaidin, ya bambanta da dirowar sojoji daga jirgi. Babu jirgi, babu inji. Laimar fiffike ce ta yadin leda mara nauyi, ninki biyu, an raba cikinta ɗaki-ɗaki, bakunan ɗakunan a buɗe ta gaba. Iska ta shiga ta cika su, sai yadin ya ɗauki siffar fiffiken jirgi. Faɗinta yakan kai murabba'in mita 22 zuwa 30, matuƙi kuma yana rataye kimanin mita 7 a ƙasanta. Laimar ɗan koyo tana tafiya mita 8 zuwa 9 gaba a duk mita ɗaya da ta yi ƙasa, da gudun kusan kilomita 36 a awa. A 1978 ne wasu masu dirowa da laima su uku, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka gwada rugawa daga gangaren dutse a Mieussy ta Faransa maimakon biyan kuɗin jirgi, daga nan abin ya bazu.

Mataki na farko: hau a matsayin fasinja

Kafin ka kashe kuɗin makaranta, biya a tashi da kai sau ɗaya. Wani yana son abin a bidiyo, amma da ƙafarsa ta bar ƙasa sai cikinsa ya juya. Gara ka gane haka a minti ashirin. Ana yin irin wannan tashi a Ölüdeniz ta Turkiyya daga dutsen Babadağ mai tsayin mita 1,969, da Cape Town daga Lion's Head da Signal Hill, da Annecy a Faransa, da Kwahu ɗin da muka ambata. Kada ka shagala da ɗaukar hoto. Kalli hannuwan matuƙin, ka tambaye shi me ya sa ya jira kafin ya ce a ruga.

Mataki na biyu: nemi makaranta mai rajista

Wannan ba abin da ake koya daga YouTube ba ne, kuma aboki mai laima ba malami ba ne. Ƙasashen da wasan ya kafu suna da ƙungiyoyin da ke tantance malamai: BHPA a Birtaniya, FFVL a Faransa, DHV a Jamus, USHPA a Amurka, SAHPA a Afirka ta Kudu. Duba shafin ƙungiyar ka ga ko sunan makarantar yana ciki. Ka tambaya kuma ko takardar da za su ba ka za ta kai ka ga katin IPPI na hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, domin shi ake nunawa idan an je tashi a wata ƙasa.

Kwas ɗin farko yakan ci kwana takwas zuwa goma sha biyu na aiki, amma ka ware fiye da haka, saboda akwai ranakun da iska za ta hana. Makarantar da ta yi maka alkawarin lasisi a kwana uku ko yaya yanayi yake, riƙe kuɗinka. Tambayi ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, da ko inshora tana cikin kuɗin. Kuma ka zaɓi inda kake jin harshen malamin sosai, don wata rana muryarsa a oba-oba ce kaɗai za ta kasance tare da kai a sama. Mai jin Faransanci yana da zaɓi a Faransa da Maroko, mai Turanci a Afirka ta Kudu ko Birtaniya.

Ba a buƙatar ƙarfin ɗan dambe. Ka iya gajeren gudu, ka iya hawa tudu da jaka mai kilo 12 zuwa 15. Mai ciwon zuciya, farfaɗiya ko matsalar gadon baya ya fara ganin likita. Kayan da za ka zo da su kaɗan ne: takalmi mai riƙe idon sawu, safar hannu, dogon wando, ruwa. Laima da kujera da hular kwano na makaranta ne. Kada ka sayi komai tukuna.

Mataki na uku: wasa da laima a fili

Nan ne koyon yake, nan ne kuma mutane ke ƙosawa. Za a kai ka fili mai ciyawa, ka shimfiɗa laimar kamar baka, bakunan ɗakunan suna sama. Za ka koyi warware igiyoyi layi-layi. Layin gaba shi ne A, sai B, sai C, can ƙarshe igiyoyin birki guda biyu, ɗaya a kowane hannu, waɗanda ke jan gefen baya na fiffiken. Ka ja na dama ka juya dama, ka ja na hagu ka juya hagu, ka ja duka biyun gudu ya ragu. Birkin nan kamar linzamin doki yake: ta cikinsa kake ba da umarni, ta cikinsa kuma kake jin abin da laimar ke shirin yi kafin idonka ya gani.

Hanyar tayar da laima iri biyu ce. Idan iska ba ta da ƙarfi, ka ba laimar baya, ka fuskanci iska, ka riƙe maɗauran A, wato waɗanda igiyoyin layin A ke haɗuwa a jikinsu, tare da birki, ka tura ƙirji gaba ka fara tafiya da ƙarfi ba tare da fizga ba. Za ka ji nauyi a kafaɗa, sannan nauyin ya sassauta yayin da laimar ta iso saman kai. A daidai nan za ka saki A, ka ɗan taɓa birki don kada ta wuce ka ta faɗo gaba, ka ɗaga kai ka duba ko ta buɗe duka babu ƙulli, sannan ka ci gaba da gudu. Idan kuwa akwai 'yar iska, sai ka fuskanci laimar, maɗauran sun gitta a gabanka, ka bar iska ta cika ta har ta miƙe kamar katanga, ka ja ta sama kana kallonta, ka juya. Ta biyun ta fi wuya da farko, hannuwa kan rikice, amma ita za ka fi amfani da ita nan gaba.

Laimar za ta karkata, dole. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya tsaya cak yana ja da ita. Abin da ake yi shi ne ka taka zuwa ɓangaren da take faɗawa, ka koma ƙarƙashin tsakiyarta, kana ɗan jan birkin ɗaya ɓangaren. Faɗarsa sauƙi. Kafin ƙafa ta riƙa yi da kanta, sai an sha faɗuwa, an sha jan ciki a ciyawa, damatsa sun yi shati. Saka hular kwano ko a fili ne, domin iska mai ƙarfi tana iya jan babban mutum a ƙasa. Tambayi malami tun ranar farko yadda ake kashe laima, wato a sa ta zube ƙasa, idan ta fara jan ka. A ganina duk awa ɗaya da aka yi a wannan fili ta fi tashi uku na minti biyar amfani, kuma matuƙan da suka shekara ashirin suna tashi ba su daina komawa fili ba.

Mataki na huɗu: ƙaramin tudu

Daga fili sai gangare mai sauƙi, inda za ka bar ƙasa da mita biyu ko biyar na 'yan daƙiƙu. Kafin kowane tashi akwai bincike biyar da ba a tsallakewa: maɗauran kujera da hula, musamman na cinya, igiyoyi, laimar kanta, iska, sai sararin gabanka. An yi asarar rayukan ƙwararru saboda mantuwar ɗaure maɗaurin cinya kawai. Idan wani ya katse ka da magana kana tsakiyar bincike, koma farko.

Wajen tashi, kada ka yi tsalle, kada ka yi saurin zama. Ci gaba da gudu har ƙafafunka su riƙa taka iska. Wajen sauka kuma, kullum ana fuskantar iska. Ka zame daga kujera ka miƙe tsaye tun da sauran nisa, hannuwa sama don laimar ta riƙe gudunta, idan ya rage kamar mita ɗaya zuwa biyu ka ja birki biyun a tare har ƙasa, ka taka da shirin gudu. Da ƙafa ake sauka. Katifar da ke ƙarƙashin kujera ta ranar tsautsayi ce.

Wannan jan birki har ƙasa na dab da ƙasa ne kaɗai. Ka yi shi a sama, gudu ya faɗi ƙasa da kimanin kilomita 22 zuwa 25 a awa, fiffiken ya daina ɗauka, ya koma baya, kai kuma ka biyo. Mai tsoro yakan ƙanƙame birki ba tare da ya sani ba, shi ya sa za ka yi ta jin malami yana cewa hannu sama.

Mataki na biyar: tashi mai tsawo

Yanzu za a kai ka inda tazarar wurin tashi da wurin sauka ta kai ɗaruruwan mita, malami ɗaya a sama, wani a ƙasa, oba-oba a ƙirjinka. Za ka koyi juyawa da nauyin jiki tare da birki, da tsara sauka tun kana nesa, da naɗe kunnuwan laima, wato ƙarshen fiffiken na dama da na hagu, don saurin sauka, da taka sandar ƙara gudu. Za a nuna maka abin yi idan gefe ɗaya ya naɗe: ka jingina zuwa gefen da ke buɗe, ka riƙe hanyarka, laimar 'yan koyo takan buɗe da kanta. Za ka gwada jefa laimar ko-ta-kwana a rataye cikin ɗaki. Akwai dokokin hanya kuma. Idan kun yi gaba da gaba, kowa ya kauce dama. A jikin dutse, wanda dutsen ke damansa shi ke da hanya. Wanda ya riga shiga iska mai hawa, ɓangaren da yake juyawa kowa zai bi.

Mataki na shida: karatun sama

Jarrabawar rubutu ta neman lasisi tana da wannan, amma ba don jarrabawa za ka koya ba. Abu biyu ke riƙe laima a sama. Na ɗaya iskar da ta bugi dutse ta hau. Na biyu iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasar da rana ta gasa, wadda shirwa da ungulu ke kewayawa a cikinta ba tare da kaɗa fiffike ba. Ita ce ke kai ƙwararru ɗaruruwan kilomita, ita ce kuma ke naɗe laimar wanda bai iya ba. Saboda haka ɗan koyo da safe yake tashi ko da yamma, ya bar tsakar rana.

Iskar da ta dace da kai ita ce mai zuwa kai-tsaye kan gangaren, a natse, ƙasa da kilomita 20 a awa. Lura da bambancin lafawarta da bugawarta fiye da matsakaicinta. Kada ka tashi a bayan dutse, ko ka sauka a bayan dogayen bishiyoyi da gine-gine, domin iskar da ta tsallake su birgima take yi. Guguwar ƙura ko ƙarama ce, in ka gan ta kusa da wurin tashi, kwance ƙugiyoyin da suka haɗa ka da laimar.

Hadari kuwa ba a ciniki da shi. A watan Fabrairun 2007, kusa da Manilla a Ostareliya, gajimaren hadari ya zuƙe Ewa Wiśnierska, ƙwararriya daga tawagar Jamus, ya kai ta mita 9,946, sama da ƙololuwar Everest. Ta suma, ƙanƙara ta lulluɓe ta, ta rayu da ikon Allah. He Zhongpin ɗan China da hadarin ya kama a ranar bai rayu ba. In ka ga gajimare yana tsayi yana duhu a gindi, naɗe kayanka ko da awa uku ka yi kana hawan dutsen. Za ka ga wasu suna tashi, ranka ya yi ta raya maka. Ba ka san shekarunsu a wasan ba, ba ka kuma san ko su ma kuskure suke yi ba.

Mataki na bakwai: sayen kaya da shekarar farko

Sai yanzu maganar saye ta taso, kuma da shawarar malami. Ana gwada laima a ba ta aji daga EN-A ta 'yan koyo zuwa EN-D ta ƙwararru. Taka ita ce A. Kowace laima tana da iyakar nauyi, wato nauyinka haɗe da duk kayan, ka tabbata kana ciki. Sabon kaya cikakke dubban Yuro ne, shi ya sa na hannu ke jan ido, amma rana tana cin yadin har ya riƙa yoyon iska, igiyoyi kuma suna canza tsawo, ido ba ya gane ko ɗaya. Kada ka sayi wadda ba ta da takardar bincike ta kwanan nan. Hula ka nemi mai lambar EN 966. Laimar ko-ta-kwana a warware ta a sake naɗewa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Lasisin farko izini ne na ci gaba da koyo ba tare da oba-oba ba. Shiga kulob, ka riƙa tashi inda akwai manya, ka rubuta kowane tashi a littafi. A sabon wuri, fara zuwa filin sauka ka taka shi da ƙafa, ka ga wayoyin lantarki da shinge, sannan ka hau. Idan ka tara awanni, yi kwas ɗin SIV, inda ake naɗe laima da gangan a saman ruwa, kwale-kwale yana jira a ƙasa, kamar yadda ake yi a tafkin Annecy da gaɓar Ölüdeniz. Wanda kuma ya dawo gida da kayansa ya hango dutsen da ba a taɓa tashi daga kansa ba, wannan aikin ƙwararru ne, kuma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaron yankin.