Shirin ganawar neman kujerar darakta a ƙungiyar lafiya

Da farko, ɗan'uwa, karanta rahoton ƙungiyar na bara, ka san daga ina kuɗinta ke zuwa.

Sannan ka leƙa CSI ɗaya, wato ƙaramar cibiyar lafiya, a Mirya ko Magarya, ka zauna da majo, shugaban cibiyar. Ka ga yadda ake auna damtsen yaro da zaren nan mai ja, rawaya da kore: ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Wannan zaman ya fi karatun mako.

Za su tambaye ka aikin damina, wato rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, da yadda za ka tafi da DRSP, hukumar lafiya ta jihar Damagaram, da masu gari. Ka amsa da abin da hannunka ya taɓa yi.

Ranar ganawar, sammako da takardunka. Maganar albashi kuwa, bari su fara.