Matakan Neman Sanarwar Silver Alert Idan Tsoho Ya Ɓace a Amurka

Silver Alert sanarwa ce da jihohi da yawa a Amurka ke bazawa idan tsoho mai ciwon mantuwa ya fita bai dawo ba. Hukuma ce ke fitar da ita, ta hannun 'yan sanda.

1. Fara duba gida: banɗaki, gareji, cikin mota, lambu, da maƙwabta. Kada binciken ya wuce minti 15.

2. Kira 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka. Ba a jiran awa 24 kafin a kai rahoto, cewa wai sai an jira zancen mutane ne kawai, kuma shi ke cinye lokaci. Faɗi ƙarara cewa yana da ciwon mantuwa.

3. Ba 'yan sanda hotonsa na kwanan nan, kayan da ke jikinsa, da magungunan da yake sha. Jihar Texas tana neman shaidar likita a rubuce, don haka a ajiye takardar kusa tun kafin buƙata ta taso. In da mota ya fita, kawo lambarta, launinta da samfurinta. Su ake sawa a allunan lantarki na manyan hanyoyi.

4. Lissafa musu tsohon gidansa, tsohon wurin aikinsa, da masallacin da ya saba. Masu nema su leƙa bakin ruwa, kwalbati da cikin duhuwar ciyayi da idonsu, domin sau da yawa yakan ji ana kiran sunansa ya yi shiru.

5. Mutum ɗaya ya zauna a gida da waya a hannu.

Da an gan shi, a sanar da 'yan sanda su janye sanarwar, sannan likita ya duba ko ƙishirwa ko sanyi sun taɓa shi.