Darasi na 9: Ƙullutun da Ba Ya Zafi

A karanta da ƙarfi, kowa jimla biyu

Goggo tana suyar ƙosai a bakin tashar mota a Garwa. Wata rana tana wanka, sai hannunta ya faɗa kan wani abu a nononta na hagu. Ƙullutu ne mai tauri, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta danna, ba zafi. Ta ɗaura zanenta ta koma bakin kasko.

Aka yi azumi, aka yi ƙaramar salla, aka yi babba. Abu ya kai girman ɗan goro. Sai ta kira 'yar ƙanenta mai koyon aikin ungozoma ta ja ta ɗaki.

"'Yata, taɓa min nan."

"Goggo, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Subhanallahi! Kika yi shiru?"

"To me zan ce? Bai hana ni barci ba, bai hana ni suya ba."

"Ki yi haƙuri, Goggo, gobe da sassafe asibiti za mu."

"A'a. In daji ne fa? Daji ba ya son ƙarfe. Ba ki ga maƙwabciyarmu ba? Daga yi mata aiki, ba ta ƙara wata uku ba."

"Allah ya jiƙanta. Amma Goggo, ta yi shekara nawa da abin kafin ta je?"

Goggo ta yi shiru. Can ta ce, "Ta fi biyu. Sai da ya fashe."

Washegari suka je. Likita ta duba, aka ɗauki hoto, aka sa allura aka ɗebi ɗan ƙanƙanin nama don gwaji. Sakamako ya nuna sankara ce, amma ba ta bar nonon ba. Aka yi aiki, aka bi da magani. Azumin da ya zagayo, Goggo tana bakin kaskonta.

Kalmomin yau

A rubuta su a allo, a raba su gaɓa-gaɓa: ƙul-lu-tu, san-ka-ra, ka-lu-lu-wa, ma-hai-fa, han-ta, fum-fu-na, ri-ga-ka-fi. A lura da ƙugiyar ƙ a ƙullutu. Sai kalmomi biyu na Faransanci da za ku gani a takardar asibiti: *cancer*, wato sankara, da *biopsie*, wato gwajin ɗan naman da aka ɗiba.

Mece ce sankara?

A wurinmu suna ɗaya ya rufe cututtuka da yawa. Gyambon ƙafar mai ciwon suga, mu ce daji. Maruru ya ƙi warkewa, mu ce daji. Wadda ake nufi a wannan darasi ita ce sankara, wadda wasu ke kira kansa.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Suna haihuwa, suna tsufa, suna mutuwa bisa tsari. Wani lokaci wasu daga ciki su lalace, su ƙi mutuwa, su dinga yawa ba tsayawa har su dunƙule wuri ɗaya. In an bar su, sai su bi jini ko hanyoyin kaluluwa su tafi hanta, huhu ko ƙashi.

Duk manomin dawa ya san ƙuduji. Kafin ka ga furenta a gona, ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa tana shan saiwa. Sankara ma haka take fara aikinta, shiru. Shi ya sa a farkonta sau da yawa ba ta zafi, kuma shi ya sa rashin zafi bai isa ya kwantar da hankali ba.

Ba a ɗaukar sankara a kwano, ko a zane, ko wajen jinya. Kada a ware wa mara lafiya ɗaki da moɗa. Kuma yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne. Sai dai hannu ba ya iya rabewa, ko hannun likita ne, dole sai hoto da gwaji.

"Daji ba ya son ƙarfe"

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan magana ta ci mutane da yawa, har a gidanmu. Yayar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta shekara tana yawo tsakanin mai sassaƙe da wanzami. An shafa, an turara, an tsaga wurin an cusa gari. Ranar da muka kai ta asibiti, hannunta ya kumbura har ba ta iya sa riga. Ta rasu ba da daɗewa ba, mutanen unguwa suka ce allura ce ta tayar da ciwon. Ni ma na yarda da haka shekaru. Abin da ban tambaya ba a lokacin: askar wanzamin da ta tsaga wurin, ita ba ƙarfe ba ce?

Ga yadda maganar ta samo asali. Mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, ya riga ya bazu. Likita ya yi abin da zai iya, mara lafiya ya cika, sai a ɗora wa wuƙar tiyata. Wadda kuwa aka yi wa aiki da wuri ta warke, ba ta yin shela, galibi ma ɓoyewa take yi saboda kunya. Labarin mamaciya kowa ya ji shi a wurin zaman makoki, na mai rai yana cikin ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar nono, kimanin 670,000 kuma suka mutu. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, mafi yawan masu ita suna rayuwa shekaru masu yawa bayan magani, kuma da ƙarfen nan ake yi musu aiki. Babu wanda ya hana addu'a da tofi. A yi su, a kuma je a duba.

Yadda mace za ta duba nononta

Sau ɗaya a wata ya isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kwana biyu ko uku bayan wankan tsarki, domin a sa'annan nono ya saki, ba ya tsami. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi ranar da ba za ta manta ba, misali washegarin ganin sabon wata.

Ki fara da ido. Ki tsaya gaban madubi inda akwai haske, hannuwa a ƙugu, sannan ki ɗaga su sama. Ki duba ko fata ta lotsa wani wuri, ko ta yi rami-rami kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko akwai miki da ya ƙi warkewa.

Sannan hannu. Ki kwanta rigingine, ki sa hannun dama ƙarƙashin kai, ki duba nonon dama da hannun hagu. Da cikin yatsu uku na tsakiya ake dubawa, a kwance, ba a tsunkule nama tsakanin yatsu, in ba haka ba komai zai yi miki kama da ƙullutu. Ki bi a hankali kina zagayawa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har ƙarƙashin hammata da ƙashin wuya. Ki juya ki yi wa ɗayan. In jini ko wani ruwa yana fita da kansa daga kan nono ɗaya, shi ma abin nunawa ne.

Mai shayarwa kan yi kumburi mai zafi da zazzaɓi. Wannan galibi toshewar nono ce ko ƙwayar cuta, kuma tana jin magani. Amma in an sha magani ƙullutu bai tafi ba, a koma. Maza kuma kada ku yi dariya, cikin masu sankarar nono ɗari akan sami namiji kamar ɗaya.

Jinin da ba na al'ada ba

Mace ta ga jini bayan kwanciya da maigida, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan ta shekara da dainawa. Me take yi? Ta aika a tambayo malam hukuncin sallarta. Malam ya ce istihala ce, ta yi tsarki ta yi salla. Amsar ta yi daidai ta fuskar ibada. Saura tambaya ta biyu, wadda ta ungozoma ce: daga ina jinin yake fitowa? Ina roƙon malaman da ke ajin nan, in kun ba da fatawa ku ƙara da cewa ta je a duba.

Irin wannan jini, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, suna cikin alamun sankarar bakin mahaifa. Kusan dukkanta wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, sunanta HPV, wadda ke bi ta saduwa. Ƙwayar ta yaɗu ƙwarai a duniya, mace mai miji ɗaya tal ma tana iya samu, don haka ba maganar zargi ba ce. Jikin yawancin mutane yana kawar da ita da kansa. A wasu kuwa takan zauna shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mai ƙanjamau abin ya fi sauri, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida.

Wannan dogon lokaci shi ne damarmu. Ungozomar da ta koyi aikin tana iya shafa ruwan tsami irin na binega a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama komai ba. Ana so mace ta fara wannan gwaji daga shekara 30, mai ƙanjamau daga 25, ko ba ta jin ciwon komai. Akwai kuma rigakafi. Kamaru ta sa allurar HPV cikin rigakafin gwamnati a 2020, ga 'yan mata masu shekara 9. An yi ta yaɗa cewa tana hana haihuwa. Ba ta hanawa. An fara amfani da ita a duniya tun 2006, kuma 'yan matan da aka yi wa a farko da yawansu yau iyaye ne.

Hanta da gyaɗa

Wannan sashe ya fi shafar maza, domin sankarar hanta ta fi kama su. A ƙasarmu abu biyu ne ke haɗuwa su jawo ta. Na farko ciwon hanta nau'in B, wanda ke bi ta jini, ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Aska ɗaya ga kai goma tana cikin hanyoyinsa. Rigakafinsa yana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14.

Na biyu fumfuna. Gyaɗa ko masara da aka tara ba su bushe ba sukan yi wata fumfuna mai dafi. Tafasa ba ta kashe dafin, suya ma ba ta kashewa. Abin takaici, mukan tsince mai kyau mu kai kasuwa, mu bar wa gida mai baƙi da mai ɗaci a yi ƙuli-ƙuli da kunu. A shanya a kan tabarma ko tamfol har ƙwaya ta dinga ƙara cikin kwanso in an girgiza. A ɗora buhu kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wadda ta canza launi ko ta yanƙwane a zubar.

Masu zama kusa da madatsar Lagdo ko ta Maga, ku kula da fitsarin jini. Tsargiya ce sau da yawa, tana da magani, amma in ta shekara da shekaru ba magani tana iya kai wa ga sankarar mafitsara.

In za a je asibiti

A fara da asibitin da ke kusa, su za su tura gaba da takarda. Kada a tafi mutum ɗaya, a je da wanda ke jin Faransanci ko mai iya rubutu. A tambayi likita sunan ciwon, ko ya bazu, da abin da za a yi bayan wannan. A sa duk takardu da hotuna cikin leda ɗaya, domin in sun ɓace sai an sake biya. Wani maganin, kamar gasa ciwon da hasken na'ura, kan sa a tura mutum kudu, Duwala ko Yawunde: mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare. Tafiya ce mai cin kuɗi, gara dangi su zauna tun farko su raba nauyin. Maganin da ake sawa ta jijiya yana zubar da gashi, yana sa amai, gashin kuma yana dawowa. Kada a yanke maganin a tsakiya don an ga sauƙi.

Aiki

1. Me ya sa Goggo ta yi watanni ba ta gaya wa kowa ba?
2. Cike gurbi: Mai ______ ta fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 25.
3. Wata mata ta yi wankan tsarki ran 12 ga wata. Rubuta ranar da za ta duba nononta.
4. An haifi yarinya a 2017. A wace shekara take cika 9?
5. Rubuta jimla uku da za ki faɗa, ko za ka faɗa, wa wanda ya ce daji ba ya son ƙarfe.

Aikin gida: kowa ya ɗebo gyaɗa tafi ɗaya daga wadda ake ci a gidansa, ya ware lalatattu, ya ƙirga, ya rubuta adadin a littafinsa. Masu yara su zo da katin rigakafi ranar darasi na gaba, za mu koyi karanta shi layi-layi.