Yadda Ake Riƙe Irin Babban Kadamon na Gado a Tsaunukan Himalaya

Babban kadamon, wanda mutanen Nefal ke kira alainchi, kayan ƙamshin abinci ne ɗan dangin citta da ake nomawa a gabashin tsaunukan Himalaya, wato a jihar Sikkim da yankin Darjeeling na Indiya, da gabashin Nefal, da kuma Butan. Yawancin irin da ke cikin waɗannan gonaki manoma ne suka zaɓo shi da hannunsu, kaka da kakanni, kuma mai son riƙe shi dole ne ya fara da sanin tsayin gonarsa daga bakin teku.

Dalili kuwa shi ne kowane iri da inda yake jin daɗi. Ramsey da Varlangey na can sama ne, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500, kuma Varlangey ya fi girman ƙwaya. Sawney ya fi dacewa da tsaka-tsakin tsauni, ga shi da haƙuri da sauyin wuri. Dzongu Golsey, irin da al'ummar Lepcha ta yankin Dzongu ta riƙe, yana da ƙwaya mai kewaye kuma ya fi son gangaren ƙasa, haka ma Seremna, wanda manoman ƙabilar Limbu na yammacin Sikkim suka zaɓo, ake kuma gane shi da ganyensa mai sunkuyawa. Wanda ya ɗauko iri daga maƙwabcin da gonarsa ke can ƙasa ya kai shi ƙololuwar tsauni, don kawai ya ga ya yi albarka a wurin mai shi, yakan yi asarar shekara uku kafin ya gane kuskurensa, domin sai a shekara ta uku shukar ke fara bayarwa.

Zaɓen uwar gindi shi ne aikin da ya fi kowane nauyi. Ana yaɗa irin ne ta hanyar ɓalle 'ya'yan da ke tsirowa daga saiwa, kamar yadda ake yi wa ayaba, domin ta haka ne sabuwar shuka ke fitowa da halin uwarta sak. Idan aka shuka ƙwayar iri, abin da zai fito yakan bambanta, tunda wani babban ƙudan zuma na daji ne ke kai garin fure daga wannan gindi zuwa wancan ba tare da ya damu da sunan iri ba. Sai dai wannan hanyar da ke kare iri ita ce kuma ke ɗaukar cuta. Cututtuka biyu na bairos, chirke mai zana ganye da foorkey mai tsumburar da shuka har ta daina fure, suna bin 'ya'yan saiwa zuwa sabuwar gona, ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye kuma suna ƙara baza su. Saboda haka ya kamata manomi ya sa wa gindin da yake so alama tun lokacin girbi, ya lura da shi tsawon shekaru, ya tabbatar ganyensa lafiya lau ne kuma yana bayarwa a kai a kai. Duk gindin da ya kamu a tumɓuke shi da saiwarsa a ƙone, domin babu maganin da ke warkar da shi, kuma tausayinsa kan jawo asarar gona baki ɗaya.

Ana dasawa a watannin Yuni da Yuli, lokacin da damina ta kankama, a bar tazarar kimanin mita ɗaya da rabi tsakanin gindi da gindi, a ƙarƙashin inuwar bishiyar utis wadda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane iri a ware masa layinsa, a kuma rubuta sunansa, domin a gonar da ta cakuɗe ko mai ita yakan rikice.

Girbi yana farawa daga Agusta a gangare, ya kai Nuwamba a can sama. A yanke kan da ke ɗauke da ƙwayoyin kadamon idan ƙwayoyin samansa sun nuna, a busar da su a murhun gargajiya da ake kira bhatti, wanda hayaƙinsa ke ba kadamon ɗin duhun launi da ƙamshin da aka san shi da shi. Yana da kyau a busar da kowane iri daban, domin a nan ne manomi zai auna abin da kowane layi ya bayar, ya san gindin da zai ɓalle wa 'ya'ya a damina mai zuwa.