Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar bidiyon wasa daga PlayStation, Xbox ko Switch zuwa kwamfuta

Kusan duk wanda ya fara wannan harka da abu ɗaya yake farawa: ya zaro wayar HDMI daga bayan talabijin, ya cusa ta a ramin HDMI na laftof ɗinsa, ya zauna yana jiran wasan ya fito a allo. Ko zai kwana a nan ba abin da zai gani. Wannan ramin na fitar da hoto ne, ba ya karɓa. Kwamfuta tana bukatar na'ura a tsakani wadda za ta karɓi hoton ta miƙa mata ta USB, ita ce katin kama hoto, wadda za ka ga an rubuta capture card a jikin kwalinta. Mai Switch kuma sai ya ɗora ta a kan mazauninta kafin hoto ya fita. Switch Lite kuwa ba ta fitar da hoto ta waya kwata-kwata, saboda haka kada ka ɓata kuɗinka a kan kati dominta.

To ka sayi katin, ka haɗa komai, sai allo ya yi baƙi ƙirin. A nan ne mutane da yawa ke mayar da kati mai lafiya su ce ya lalace. Yawanci laifin HDCP ne, wato kariyar da aka sa don hana kwafar fina-finai ta wayar HDMI. A PS4 ka shiga Settings, sannan System, ka cire alamar da ke kan Enable HDCP. A PS5 yana cikin System, ƙarƙashin HDMI. Ka yi wannan tun na'urar tana haɗe kai tsaye da talabijin, domin in ka riga ka sa katin a tsakani ba za ka ga inda kake dannawa ba. Ka kuma sani cewa manhajojin kallon fim irin su Netflix za su ƙi buɗewa har sai ka mayar da kariyar. Xbox da Switch ba sa kulle hoton wasa, ba ruwansu da wannan matsala. PS3 ce mai taurin kai: ba ta da wurin kashe HDCP, sai dai a bi ta wayar component mai kawuna biyar da katin da ke karɓarta.

Yanzu ga inda aka fi cutuwa, wato wajen sayen katin kansa. Za ka ga ɗan ƙaramin kati kamar filashi, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya, amma ma'anarsa ita ce yana karɓar 4K. Abin da yake miƙa wa kwamfuta daban ne, sau da yawa 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa. Lissafin ba wuya. Hoton 1080p guda 60 a daƙiƙa, in ba a matse shi ba, yana cin kusan gigabit 2 a kowace daƙiƙa. USB 2.0 iyakarsa megabit 480, USB 3.0 kuma gigabit 5. Don haka katin USB 2.0 dole ya matse hoton ya kuma rage yawansa. Wasu ma sai a sa musu shuɗin harshe irin na USB 3.0 alhali cikinsu 2.0 ne. Araha dai ba ta ado. In kana so ka gane gaskiyar naka, buɗe OBS Studio, wato manhajar ɗaukar bidiyo a kwamfuta, shiga kaddarorin katin, ka duba Video Format. Idan MJPEG, wato tsarin matsattsen hoto, kaɗai ke ba ka 1080p, kuma bai wuce 30 ba, ka san abin da ka saya. In ya riga ya shigo hannunka, shawarata ka sa shi a 720p mai hoto 60. A wasan ƙwallo ko na faɗa santsin motsi ya fi kaifin hoto muhimmanci, ni dai haka nake gani. Shi kuma mai katin USB 3.0 na gaske, kada ya soka shi a ramin 2.0 ko a na'urar raba ramuka da ke ɗauke da linzami da sauran tarkace.

Kuskure na gaba shi ne yin wasa kana kallon tagar OBS. Hoton da ke nan ya riga ya bi ta kati, ya bi ta USB, ya bi ta manhaja, ya makara. A wasa mai hoto 60 kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, makarar hoto huɗu ko biyar ta isa ka danna bugu bayan an ƙwace ƙwallon. Katin kirki yana da rami biyu, IN da OUT: na'urar wasa ta shiga IN, wata waya ta fita daga OUT zuwa talabijin, a can za ka riƙa kallo. Wanda nasa ba shi da OUT sai ya nemi abin raba HDMI gida biyu. Ka duba kuma iyakar abin da OUT ɗin ke wucewa da shi, domin in hoto 60 ne a daƙiƙa, talabijin ɗinka mai 120 ya koma 60 ke nan.

Sauti ne ya fi kowane abu ɓata wa mutum rai, domin ba a gane an yi asara sai bayan an gama. Ka yi awa biyu kana fafatawa, ka buɗe fayil, hoto tas, amma shiru kake ji. Abin da ya fi jawo haka a PlayStation shi ne soka abin kunne a jikin pad. Da zarar ka yi haka, kuma an saita duk sauti ya tafi kunne, to ya bar wayar HDMI, katin bai samu komai ba. Ka cire shi daga pad ka soka a talabijin ko a kwamfuta. Na biyu, in na'urar wasan tana tura Dolby ko DTS, katuna da yawa ba sa fahimtarsu, sai shiru ko wata ƙara mai kaɗa kunne. Ka mayar da shi Linear PCM mai tasha biyu. Na uku, wasu katunan sautinsu yana zuwa ne a matsayin na'ura daban, sai ka ƙara shi da kanka a OBS. Idan sandar sautin ba ta rawa a ƙasan allo, babu abin da ake ɗauka, kada ka yaudari kanka.

Akwai kuma sautin da ke tafiya daidai a farko, amma bayan minti arba'in baki na motsi magana na biyo baya. Ka tabbatar katin da makirufo da OBS duk suna kan 48 kHz, kada wani ya zauna a 44.1. In kuwa tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, wannan mai sauƙi ne: muryarka ce ke riga hoton isa, sai ka ƙara mata jinkiri a Sync Offset har su haɗu. Kuma don Allah ka raba muryarka da sautin wasa a layi daban-daban. In ka haɗe su a layi ɗaya, harbin bindiga ya danne maganarka, ba editan da zai raba su.

Launi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Idan baƙi ya koma toka-toka, ko kuma duhu ya haɗiye komai a cikin kogo, to tsakanin na'urar wasan da saitin katin a OBS, ɗaya na kan Full ne, mai ma'auni 0 zuwa 255, ɗaya na kan Limited, mai 16 zuwa 235. Ka sa su zama iri ɗaya. Idan duka launukan suka koɗe kamar tsohon zane, kashe HDR a na'urar wasan.

Sai batun fayil. MP4 na asali sai an rufe shi lafiya yake buɗuwa. In wuta ta ɗauke ko manhajar ta maƙale a minti na 90, duk ya tafi. MKV kuwa yana riƙe abin da aka ɗauka har zuwa inda aka tsaya. Ka ɗauka da MKV, in ka gama ka shiga File, ka zaɓi Remux Recordings, ya koma MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da ingancin ya ragu ba. Kada ka ajiye a filashi ko rumbu mai tsarin FAT32, domin fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4 a kansa. Megabit 12 a daƙiƙa, wanda shi ne YouTube ke ba da shawara ga 1080p mai hoto 60, yana cin kusan gigabayit 5.4 a awa, ka ga tun kafin awar ta cika an buga da bango. NTFS ko exFAT ba su da wannan iyaka.

Mutane kan bar ingancin ɗauka a kan Same as stream, sai ciyawar fili ta zama dunƙule-dunƙule duk lokacin da kyamara ta juya. Saitin yaɗawa kai tsaye an yi shi ne don ƙarfin intanet, kai kuwa a rumbunka kake ajiyewa, ka ɗaga shi zuwa High Quality. Idan bidiyon na tsalle-tsalle, duba wa ke aikin matsewa. In x264 aka zaɓa a OBS, kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU, yake hawa. In kana da katin hoto na Nvidia zaɓi NVENC, na AMD akwai AMF, Intel kuma Quick Sync. Laftof a bar shi a caji, domin a batir yana rage ƙarfinsa.

Yawancin waɗannan da na lissafa, gwajin minti ɗaya yana tona su. Ka ɗauka, ka yi magana, ka yi harbi, ka tsayar, ka buɗe fayil ɗin ka kalla da abin kunne. A nan ne ma za ka tuna ka kashe sanarwar saƙonni da ke faɗowa a kusurwar allo da sunayen abokanka, ka kuma kashe waƙoƙin cikin wasan in YouTube za ka ɗora, kada Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙoƙi masu haƙƙin mallaka, ya kama su.

Masu tsofaffin na'urori irin su PS2 nasu daban ne. Wayar nan mai kai rawaya da fari da ja ita ce mafi rauni, component ta fi ta nesa ba kusa ba. Yawancin wasannin PS2 rabin layukan hoto suke turowa a kowane karo, shi ya sa za ka ga motsi na fitar da haƙora kamar matsefi, maganinsa kunna Deinterlacing a kan katin cikin OBS. Na'urorin Turai a hoto 50 a daƙiƙa suke tafiya, na Amurka da Japan a 60, sai ka saita ɗaukarka daidai da taka. Kada kuma ka ja hoton ya cika allo har 'yan wasa su zama gajeru masu faɗi. Fasalinsa 4:3 ne, a kan allon 1920 da 1080 faɗinsa 1440 ne, ka bar baƙi a gefe biyu.