Kurakuran da ke kashe faifan garmaho a gida, da yadda ake gyara su

Faya-fayai da dama da ke fitowa daga akwatunan iyaye a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun yi shekaru hamsin lafiya lau, sai su lalace cikin wata guda a hannun magada. Ɓarnar kuma daga allura take farawa.

Da zarar allura ta fara tsalle, sai ka ga an ɗaure pesewa hamsin da roba a kan hannun injin. Tsallen ya tsaya, amma allurar tana nome layin faifan, kuma layin da aka kankare ba ya dawowa. Yawancin kawunan allura masu maganaɗisu gram 1.5 zuwa 2.5 kawai suke so. Ga yadda ake saitawa: mayar da maɓallin anti-skate, mai hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai, sifiri, ka murɗa ƙarfen nauyin da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Juya zoben lambobi na jikin ƙarfen kaɗai zuwa sifiri, sannan ka murɗa ƙarfen gaba ɗaya zuwa 2, ko abin da kamfanin allurar ya rubuta. Anti-skate ma a kai shi wannan lambar. In tsallen bai daina ba, duba teburin ko ya karkace, ko lasifika na zaune a kansa tana girgiza shi, ko allurar ce ta cinye. Ta lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1,000, daga nan a canza ta.

Sai injin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka. An ƙera shi don wuta mai ƙarfin 120 da bugu 60 a daƙiƙa, tamu a Ghana kuwa 230 ce da bugu 50. Jona shi kai tsaye, ya ƙone nan take. Taransifoma mai rage wuta tana hana ƙonewa, amma ba ta canza bugun, don haka injin da motarsa mai juya faifan ke bin bugun wuta zai yi nawa: juyi 33⅓ a minti ya koma wajen 28, muryar mawaƙi ta yi kauri tana ja. Mutane sukan ɗora laifin a kan bel, su yi ta canzawa a banza. Maganin shi ne a sauya ɗan gargaren motar da na bugu 50. Injin da ya zo daga Ingila ko Jamus ba shi da wannan matsalar.

Tsoffin faya-fayan juyi 78, irin waɗanda kamfanin Decca ya buga wa mawaƙin Ghana E.T. Mensah a shekarun 1950, ba roba ba ne, shalak ne mai fashewa. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce mai kauri. Kada sifirit ya taɓa su, narkar da su yake.

Wajen wanki, a bar Omo da soso da kananzir. Ruwan leda ma yana barin gishiri-gishiri a layi. A nemi tataccen ruwa irin na batir, wanda ba a haɗa da asid ba, a ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya a cikin lita guda, a goga da burushi mai laushi ana bin zagayen layin. Takardar tsakiya kada ta jiƙe. A ɗauraye, a jingine shi a inuwa ya bushe sarai kafin ya koma riga. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a share kafin kowane sauraro. Da damina kuwa danshin Kumasi yana sa hunhuna, sai a zubar da tsohuwar rigar takarda a sa sabuwa.

Faifai a tsaye ake ajiye shi, kusa da juna amma ba a matse ba. In an jibge su a kwance a ɗakin kwano mai zafi ko bakin taga, lanƙwashewa suke yi, kuma dutsen guga ba ya miƙar da su, ƙarasa su yake.

In sauti ya fito ƙasa-ƙasa, siriri babu ganga, an jona waya a ramin AUX ne maimakon PHONO. Amfilifayar da ba ta da PHONO tana buƙatar ɗan akwatin firi'am, mai ƙara ƙarfin sautin da ke fitowa daga allura, a tsakani. Gurnanin da ba ya yankewa kuwa, yawanci siririyar wayar GND ce aka bari tana lilo. A ɗaure ta a sukurun da ke bayan amfilifaya.